Likkafanin Damo

Tun ranar da Madan Zulaiha ta faɗa wa 'yan ajinta cewa za a kai su kan dutse su ga namun daji, garinmu bai ƙara samun sakat ba. Garin namu ƙarami ne, yana gefen hanyar Ibohamane, kuma in ka tsaya bayan masallaci kana hango dutsen da ake magana, dogo, kansa a shafe kamar an yanke shi da wuƙa. Yaran nan kullum suna ganinsa, wasunsu ma sun sha kai awaki gindinsa. Amma da aka ce lakwal, wato makarantar boko, ce za ta kai su, kuma mai gandun daji zai taso tun daga Keita ya raka su, sai dutsen ya koma musu sabo. Yarinya tana daka tana zancen dutse. Yaro a aike shi sayen gishiri, ya dawo da labarin kura, gishirin ya manta.

Ni Mairamu aka zaɓa cikin iyaye mata in bi su, saboda ruwa da fura, kuma saboda an san ba na gajiya da tsawata wa yaro. Na yi murna ƙwarai. Itatuwan da ke kan dutsen nan da hannunmu muka dasa su lokacin poroje, wato aikin farfaɗo da ƙasa da aka kawo yankinmu, muna 'yan mata, muna jidar duwatsu a ka, muna haƙa ramuka a fako mai taurin tsiya. Rabona da hawa can tun gwiwoyina suna da kirki.

Ana gobe za a tafi, da la'asar, na shiga maƙwabta aron babbar ƙwarya. Gidan tsoho Sule ke nan, darni ɗaya ya raba mu. Na iske shi kan tabarma ya jingina da rumbu, jikarsa Mubaraka tana gefe tana wanke takalmanta na roba. Mubaraka tana ajin Madan Zulaiha, yarinya ce mai shiru a waje, amma in ta haɗu da kakanta bakinta ya fi na kowa kaifi.

"Amarya," in ji tsohon, "an ce gobe za ki hau dutsi ki bar ni nan da kaji."

"In ba ka so, tashi ka bi ni. Wa ya hana ka?"

"Ƙahwahu sunka hana ni, da idanu." Ya rage murya. "In kin ga kakanmu can bisa, ki gaishe shi."

Mubaraka ta daina wankin.

Bari in faɗa muku wane ne kakan nasu, don ba mutum ba ne. Gidan su Sule asalinsu Azna ne, masu bin al'adar kakanni kafin Musulunci ya game ƙasar. Yanzu dukansu masu salla ne, Sule ma kafin idanunsa su tafi ba ya rasa sahun gaba. Amma akwai abu ɗaya da ba su yar ba. Kowane gida irin wannan yana da dabbar da ake kira kan gida, wadda ba su kashewa ba su ci. Nasu damo ne. Suna cewa kakan kakanninsu ya ɓata a kan dutsen nan ƙishirwa za ta kashe shi, sai ya bi sawun damo har wani tsagi mai ruwa, ya sha ya rayu, ya yi alkawari a kan zuri'arsa. In ɗan gidan ya tsinci damo matacce, sai ya naɗe shi cikin farin ƙyalle ya binne shi kamar mutum. Sule yakan ce wannan ba bauta ba ce, riƙon alkawari ne.

To tun shekarun fari, lokacin da dutsen ya koma tsirara, babu ɗan gidan da ya ƙara ganin damo a can. 'Ya'yan Sule maza kuma duk sun tafi ci-rani, wani Abijan, wani Libiya, uban Mubaraka yana arewa wajen haƙar zinari. Tsohon ya sa a ransa cewa tun da damo ya bar dutse gidansa ke watsewa, kuma ba zai sake haɗuwa ba. A 'yan watannin nan abin ya cinye shi. Surukarsa ta gaya mini fura yadda ta kai masa haka take komowa, sai ɗan kurɓi.

"Kaka," in ji Mubaraka, "gaban 'yan aji za ni gaida damo? Su Hafizu sai su riƙa ce mini jikar Azna har in tsuhwa."

"Ba sai kowa ya ji ba. Ki dai gan shi da idonki, ki zo ki ce mini shina nan. Shi ke nan abin da nika so."

Ta ci gaba da gurzar takalmi kamar shi ya yi mata laifi. Na ɗauki ƙwaryata na fito.

Da safe na isa lakwal na iske abin dariya. Samarin ajin sun yi layi, kowa da danƙon harbin tsuntsu a wuya. Wasu da sanduna. Hafizu, wanda ubansa mafarauci ne, ya zo da kere irin na jifan zomo, da karensu Ƙyalesu a bayansa yana kaɗa wutsiya. Wasu karnuka ma sun zo da iyayen gidansu. 'Yan mata kuma kowa da ƙullin gishiri da yaji a bakin zane, wata ma uwarta ta ɗora mata 'yar tukunya a ka.

Madan Zulaiha ta fito daga aji ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ita 'yar Tawa ce, bana aka kawo ta.

"Mine na wanga?"

"Madan, kin ce za mu wurin namun daji," in ji Hafizu.

"Na ce za mu mu gan su."

"Awo, Madan. To in mun gan su hwa?"

Da gaskiyarsa ya yi tambayar, ba rashin kunya ba. A garinmu ba a taɓa jin mutum ya tashi ya tafi daji wurin nama don ya kalle shi ya dawo hannu wofi ba. Iyayen ma haka suka fahimta, lakwal ta shirya farauta ke nan, har suna yaba wa sabuwar malama da hankali.

Ana cikin haka mai gandun daji ya iso a kan moto, wato babur, Malam Alhusaini, dogo cikin koren kaki, da madubin hangen nesa rataye a ƙirji. Ya dubi rundunar, ya yi dariya har ya dafa sirdin moto. Ya ce ba wannan ne karon farko da aka tarbe shi haka ba. Ya zaro buhu ya bi layi, kowa ya jefa makaminsa ciki, ya ɗaure bakin buhun ya ba mai gadin lakwal. Hafizu ya riƙe keren nan kamar za a raba shi da hannunsa.

"Na babana na."

"Shina nan shina jiranka. Yau da ido za ka harbi."

Aka kori karnuka, kowa ya koma gida. Ƙyalesu ma ya juya, ya yi kamar ya tafi.

Amalanken jakai muka hau, yara cunkus, bidon ruwa, wato jarka, a tsakiya, ni da ƙwaryar fura a cinya. Lokacin kaka ne, ana ta jidar hatsi, muna tafiya muna karo da amalanke masu dammuna suna komawa gari. Yara suna waƙar faransanci da Madan ta koya musu, rabinta ba su san ma'anarta ba, amma suna rera ta kamar za su tsaga maƙogwaro. Manoma suna ɗago kai daga cikin kara suna kiran, "'Yan lakwal, a aje muna cinya." Madan ta gaji da amsawa ta bar su.

A gindin dutse muka bar jakai da masu su, muka kama hawa. Ni ce ta ƙarshe, ina hawa ina salati, amma idona bai huta ba. Wurin da na sani fako jawur, yanzu ga ɗakwara, ga bagaruwa, ga adduwa sun yi inuwa, ciyawa ta cika ramukan da muka haƙa har ba ka gane bakinsu. Na dafa wata farar ƙaya na ce a raina, ko ni na dasa ki.

Da muka kai sama Malam Alhusaini ya tara su ya ce doka ɗaya ce, wanda ya ga abu kada ya yi magana, ya ɗaga hannu kawai ya nuna. Kun san yaro da shiru. Ba a yi nisa ba kurege ya tsallake hanya, wutsiya a sama, sai aji duka ya ɗauki ihu, kuregen ya shige rami ko rabin yaran ba su gan shi ba. Malam ya ce, "Kun gani? Da kun yi shiru da ya tsaya ya dube ku." Daga nan suka fara kama bakinsu da hannu.

Kuma sai daji ya buɗe musu. Ya durƙusa ya nuna musu sawun dila a kan rairayi, ya sa suka gwada shi da na kare, suka ga na dila ya fi tsukewa. Ya nuna musu ramukan yanyawa a gefen tudu, da gashin da ta bari a ƙaya. Wata yarinya ta tsinci fatar bushiya, ƙayoyin kawai, ciki an cinye, Malam ya ce aikin mujiya ne. Aka ga hawainiya a reshen magarya tana taku kamar mai ciwon ƙafa, 'yan mata suka ja baya, shi kuwa ya ɗauke ta a kan sanda ya bi da ita gaban kowa, suna kallon idonta ɗaya yana duban gabas ɗaya yana duban yamma. Can sai ga garken zabin daji suna kiwo a cikin ciyawa. Wannan karon babu wanda ya yi tari. Yara suka kwanta rub da ciki, muna kallonsu suna tsince-tsince, har sai da wani ya yi atishawa suka tashi fir gaba ɗaya. Na dubi Hafizu, hannunsa yana laluben wuyansa inda danƙo ya saba zama.

Mubaraka fa ba ta cikin wannan murna sosai. Tana bayan kowa, kusa da ni, duk suri sai ta leƙa, duk tsagin dutse sai ta durƙusa. Farin kallabin da ubanta ya aiko mata, wanda ta ɗaura yau karon farko, har ya fara kwasar ƙura. Da ta ga Malam Alhusaini ya ɗan ware, ta matsa kusa da shi.

"Malam, akwai damo nan?"

"Ban gan shi da idona ba tukuna," in ji shi. "Bara na ga wani jan wutsiya bisa ƙasa, ina zaton nashi na. Amma ɗiyata, lokaci ya ƙure. In sanyi ya shigo suna shiga rami, ba a ƙara ganinsu sai ruwa ya sauka."

Sai ruwa ya sauka. Na ga yadda maganar ta dake ta, don ita da ni mun san yadda tsohon yake ramewa, kuma damina da nisa.

Hafizu yana kusa, ya ji. "Damo kika nema? Ashe kin san daɗi. Wutsiyar nan in an gasa ta da yaji, ko kaza ba ta kama ƙahwarta."

Ta yi kamar ba ta ji ba.

Rana ta take, muka zauna ƙarƙashin wata babbar adduwa na dama fura, ludayi yana yawo hannu zuwa hannu. Bayan an sha, Malam ya ce daga bakin dutse ta yamma ana hango tabki a ƙasa, cike da kirinjijiya da zalɓe, amma madubin ɗaya ne, sai a je kashi-kashi. Shi da Madan suka tafi da rabin ajin. Sauran aka bar mini, da Mubaraka da Hafizu a cikinsu.

Ina wanke ludayi sai muka ji haushi daga gabas. Hafizu ya miƙe tsaye.

"Ƙyalesu na."

Ashe karen nan tun daga gari yake bin mu daga nesa, yana laɓewa a cikin kara. Kafin in buɗe baki samarin sun zuba a guje, 'yan mata suka bi su, ni ma na bi da gwiwoyin da Allah ya bar mini.

Abin da na hango tun kafin in isa, ba zan manta da shi ba. A gindin wani suri, kusa da tsagin dutse, ga damo ƙato, tsawonsa ya kai hannun babban mutum. Ya kumbura jikinsa ya yi fam, yana huci kamar zuga-zugi, yana sheme iska da wutsiya. Karen yana zagaya shi. Kafin in ƙarasa, Ƙyalesu ya shammace shi ya cafki gadon bayansa ya girgiza, Hafizu kuma ya faɗa kansa ya kama wuya da gindin wutsiya yadda ubansa ya koya masa, ya kori karen da ƙafa.

Sai damon ya saki jiki. Ƙafafu suka yi laƙwas, kai ya rataya, harshe ya ɗan fito.

"Shina mutuwa," in ji Hafizu. "Ku ba ni wuƙa maza in yanka shi tun bai ida ba."

Wuƙaƙe suna cikin buhu a lakwal, amma ɗan lakwal ba ya rasa reza ta fiƙe kiriyo, wato fensir. Wani yaro Shafi'u ya zaro tasa daga aljihu ya miƙa. Ni kuwa na iso numfashi ya ƙare mini, na dafa gwiwa ina neman muryar da zan tsawata da ita. Ban samu na yi ba, Mubaraka ta riga ni. Ta ratsa tsakiyar samarin ta ɗora hannu biyu a wuyan damon, daidai inda rezar za ta bi.

"Ba ka yanka shi."

"Ke, ɗauke hannunki. Naki na?"

"Namu na."

"Naku da wa? Karena ya kama shi."

Ta dube ni, ta dubi 'yan matan da suka kewaye. Ta ɗaga murya har na bayan kowa ya ji. "Kan gidanmu na. Ba mu kashe shi, ba mu cin shi, ba a kuma yanka shi gabanmu."

Sai wani ya tuntsire da dariya. "Ashe jikar Azna ta." Wasu suka kama, "Jikar Azna, jikar damo."

"Awo, ni ta," in ji Mubaraka. "Sai ka yanka da yatsuna."

Na ga yarinyar ta riga ta faɗi abin da ya fi nawa nauyi.

Suka yi ta ja, shi yana cewa ta ɗauke hannu, ita ta ƙi. Shafi'u ya ɗaga ƙafar damon ya saki, ta faɗi kamar tsumma. Ya ja wutsiya, ya taɓa ido, shiru.

"Bar shi, Hafizu. Ya ida. Ya haramta."

Hafizu ya dubi abin da ke hannunsa, ya ajiye shi a ƙasa da tsaki. "Kin sa mun yi asara, ke ba ki samu ba mu ba mu samu ba."

Mubaraka ta durƙusa a gaban damon. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawaye kawai ke sauka kan ƙura. Na san abin da take gani. An aike ta ta dawo da labarin yana nan, ga shi za ta koma ta ce wa tsoho ta same shi, ya mutu a hannunta. Masu dariya suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Can ta ɗago. "Inna, ƙaƙa aka yi mishi?"

Sau ɗaya na taɓa gani, ina ƙarama, a gonar uban Sule. Na ce mata farin ƙyalle ake samu a naɗe shi, a haƙa rami a sa shi, ɗan gidan ya yi masa sallama. Babu salla, babu komai, iyakarsa ke nan.

Ta duba hagu ta duba dama, babu farin ƙyalle a kan dutse. Sai ta kai hannu ta kwance kallabinta, sabon nan na ubanta, a gaban samari duka. Na yi maza na yafa mata gefen mayafina a ka. Ta shimfiɗa kallabin ta mirgina damon a ciki, ta naɗe shi da kyau, ta ɗaure a wuya da saƙo-saƙon ƙulli. Bai rufe shi duka ba, wutsiya tana waje.

"Wa ka taya ni haƙa?" in ji ta, ba ta dubi kowa ba.

Babu wanda ya motsa. Sai Hafizu ya sosa ƙeya, ya tsinci wani dutse mai baki ya durƙusa gefen surin ya fara sara. Shafi'u ya kawo sanda. Kafin ka ce me, samari sun kewaye ramin suna yaƙutar ƙasa da hannu, har Ƙyalesu ya sa ƙafafunsa yana tono, yana watsa wa uban gidansa ƙasa a fuska.

A haka Madan Zulaiha da Malam Alhusaini suka iske mu, da sauran yara a bayansu. Madan ta buɗe baki za ta yi faɗa, na jawo ta gefe na gaya mata abin da ya faru a taƙaice. Malam kuwa ya tsuguna kusa da naɗin, ya daɗe yana kallon wajen haƙarƙari. Na ga gefen bakinsa ya motsa, amma ya haɗiye. Ya ciro igiya ya ɗaure karen a jikin wata bagaruwa mai nisa, ya dawo.

"Ki sa shi cikin ramin, ɗiyata, amma kar a tura ƙasa tukuna. Kowa shi ja baya shi zamna. Ku ba masu gida wuri su yi bankwana. Wanda ya yi tari ba shi taɓa madubina."

Mubaraka ta ɗauki naɗin ta kwantar a ramin, wanda bai fi zurfin ƙwarya ba. Ta ce a hankali, "Kaka Sule shina gaishe ka. Ka sauka lahiya." Ta ja baya ta zauna kusa da ni.

Shirun da Malam ya nema tun safe bai samu ba, yanzu ya same shi. Ba ka jin komai sai kukan kurciya daga nesa. Muna nan zaune, ni har na fara tunanin yadda zan raka yarinyar ta faɗa wa tsoho, sai wata 'yar ƙarama a gaba ta ɗaga hannu yadda aka koya musu, ta nuna, ba ta ce uffan ba.

Bakin wutsiyar yana motsi.

Daga ɗayan gefen, harshe mai baki biyu ya leƙo daga cikin kallabi, ya koma, ya sake leƙowa. Sai kai ya biyo. Mamacin ya dubi jama'ar da suka zo jana'izarsa da ido ɗaya, ya ga babu kare kusa, ya yunƙura ya fito daga kabari ya zuba a guje, farin kallabi ɗaure a wuyansa yana filfilwa a baya.

Dutsen nan ya kusa tsagewa. Yara suka watse ta ko'ina, wasu suna salati, wasu suna bin sa, wasu suna gudu ba su san daga me suke gudu ba. Madan Zulaiha na gan ta a kan wani dutse ta tattare zane, ban san lokacin da ta hau ba. Ni kaina sai da na tsinci kaina bayan adduwa, gwiwoyin da suka ƙi hawa da safe sun kai ni can ba tare da sun yi shawara da ni ba. Damon ya kutsa cikin tsagin dutse, kallabin ya bi shi, ya ɓace.

Mubaraka ce kaɗai ba ta gudu ba. Tana tsaye, hannu biyu a baki, tana dariya hawaye na zuba.

Da aka tattaro yara aka ƙirga kawuna, Malam Alhusaini ya zaunar da su ya yi musu bayani. Ya ce damo in abokin gaba ya fi ƙarfinsa yakan yi mutuwar ƙarya, ya saki jiki har a gaji a bar shi, fatarsa kuma tana da kauri, haƙorin karen bai ratsa sosai ba. Ya ce reza kam ba ta san ƙarya ba, da ta bi wuyan nan da shi ke nan. Kuma in damo ƙato haka yana zaune a wuri, to wurin ya samu abinci ke nan, fara da buzuzu da katantanwa, kuma da wuya a ce shi kaɗai ne. Yara suka yi ta jefa masa tambayoyi har Madan ta ce rana tana sauka.

Hafizu ya je ya kwanta a bakin tsagin ya leƙa. "Ina hango bakin kallabin. In sa sanda in jawo miki?"

"Bar mishi."

"Kakan naki ɓarawo na hwa. An yi mishi sutura ya gudu da ita."

"Ya hi naka karen, da an kore shi ba shi jin kora."

Aka yi dariya, har da shi. A hanyar komawa waƙar faransanci ta mutu, yara suka ƙirƙiro tasu ta damo mai kallabi, Hafizu yana bayarwa ana amsawa, Mubaraka tana tafi a ƙarƙashin mayafina. Manoman da suka ce a ajiye musu cinya suna tambaya ina naman, yara suna amsa musu da cewa naman ya tashi daga kabari.

Amalanke bai gama tsayawa ba Mubaraka ta dira. Na bi ta da ƙwaryar aro, don ba zan yarda a ba ni wannan labari a baki ba. Tsohon yana inda muka bar shi jiya, jikin rumbu, ƙwaryar furarsa a gefe a rufe da faifai.

"Amarya, ke ta? Na ji gari ya ɗauki hayaniya."

"Ni ta."

"Kin gan shi?"

"Na gan shi. Na gaishe shi. Har likkahwani na yi mishi."

Fuskar tsohon ta faɗi, hannunsa ya kama bakin tabarma. Na harare ta, ta yi maza ta durƙusa ta kama hannun.

"Bai mutu ba, Kaka. Ƙarya ya yi muna. Mun sa shi rami ya tashi ya gudu da kallabina."

Sai da ta maimaita masa tun daga haushin kare har shigarsa tsagi, ni ina cike mata inda ta tsallake. Da ta kai wurin Madan a kan dutse, Sule ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, surukarsa ta fito daga madafa da gudu tana tambayar lafiya. Ya share ido da bakin riga.

"Wane gehe na?"

"Gabas, wurin wani suri, kusa da tsagi."

"Nan na," in ji shi. "Nan ruwan yake." Ya gyaɗa kai. "Kuma gaban 'yan aji kinka hwaɗi ko mu su wane na?"

"Gaban kowa. Yanzu sunana jikar damo, kai ka jawo mini."

"Sunan ya yi kyau. Ran kasuwar Tamaske in aika a sawo miki wani kallabi."

"Wanda ya hi wancan."

"Ji ta, kamar ni na sace shi." Ya laluba gefensa har hannunsa ya taɓa faifai, ya ɗaga. "Wagga hura ta kwana biyu tana jirana. Ku ƙaro mata nono. In na sha, ki ɗauko waya ki kira mini ubanki, ni za ni gaya mishi da bakina."

Mubaraka ta tashi ta nufi ɗaki neman waya, kanta ba kallabi. Na ajiye musu ƙwaryarsu a bakin rumbu, na bar shi yana sha.